DUA DA DWA: Ilokano Da Pashto A Idon Mai Hausa

A makon jiya wani dattijo, aminin mahaifina kuma tsohon malamin makaranta, ya zo Abuja bin takardunsa na fansho, ya sauka a wurina a Wuse. Bayan mun yi sallar isha'i muna taɓa hira, sai ya kawo mini wani labari wanda ya ce ya daɗe yana cin ransa.

Ya ce a cikin shekarar 1977, watau shekara guda bayan an soma shirin ba da ilmin firamare kyauta, makarantu sun yi yawa malamai sun yi ƙaranci, har gwamnatocin jihohin Arewa suka riƙa ɗauko malamai daga Indiya da Pakistan da Filifin. A makarantar horon malamai inda ya ke koyarwa akwai wata malamar lissafi daga arewacin Filifin, da wani malamin kimiyya mutumin Peshawar. Wata rana suna ƙirga takardun jarrabawa a ɗakin malamai, kowa da harshensa, ita ta ce "maysa, dua," shi kuma ya ce "yaw, dwa." Sai suka tsaya suka dubi juna, aka kwashe da dariya. Nan take malamai suka yanke hukunci cewa lalle kakannin mutanen nan biyu ɗaya ne. Dattijon ya dube ni ya ce, "Kai da ka ke aikin jarida, ka bincika mana, ka gaya mini gaskiyar abin kafin in koma gida." Na ce, "To, Baba, Allah ya ba ni iko."

To, jama'a, na bincika, amsar kuwa ita ce kama da wane ba ta wane. Harshen malamar shi a ke kira Ilokano, na malamin kuma Pashto, kuma babu dangantakar jini ko ta nono a tsakaninsu. Da malaman nan sun ci gaba da ƙirga, da sun rabu tun a na uku. Ilokano na cewa tallo, uppat, lima, innem, pito, walo, siam, sangapulo. Pashto kuwa dre, tsalor, pindza, shpag, owa, ata, naha, las. Ilokano ɗan gidan harsunan tsibirai ne, waɗanda suka bazu a kan teku tun daga Madagaskar har Hawai, shi ya sa mutumin Indonisiya ma "dua" ya ke ce wa biyu, "lima" kuma biyar. Pashto ɗan'uwan Farisanci ne da Kurdanci, kuma in aka bi salsala da nisa ya haɗa kaka da harshen Indiyawa da Rashanci da Faransanci da Ingilishi. Haɗuwar dua da dwa katari ne kawai, irin wanda ba a rasawa idan aka jera dubban kalmomi na harsuna biyu. Hausa kuwa ba ta gidan ko ɗaya daga cikinsu. 'Yan'uwanta na kusa su ne irin su Bolanci da Angas da Bade, na nesa kuma Larabci da Buzanci.

Da iyakar maganar ke nan da na rufe littafi na ba Baba amsarsa. Amma da na ƙara kutsawa sai na ga kowane ɗaya daga cikin harsunan nan biyu yana riƙe da wani yanki na tarihin Hausa, kamar an tsaga madubi biyu an ba kowa rabi.

Mu fara da ginin magana. Bahaushe ya kan sa mai aiki a gaba, aiki a tsakiya, abin da aka yi wa aiki a ƙarshe: yaro ya karanta littafi. Mai Ilokano da aikin ya ke farawa, ya ce "nangan ti ubing," watau "ya ci, yaron." Mai Pashto kuwa sai ya tara kowa da kome tukuna, sa'an nan ya kawo aikin a ƙarshe: "za kitab lwalam," watau "ni littafi ina karantawa." Wani abin da ke ba masu koyon Pashto wuya shi ne idan aikin ya riga ya wuce, "ni" ɗin ma sake kama ya ke yi, "za" ya koma "ma," a ce "ma kitab wulwast." Haka kuma su kan sa kalma a tsakiya su kewaye ta gaba da baya. Gida shi ne "kor," a cikin gida kuma "pa kor ke." Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba, tun da mu ma haka mu ke yi da "ba" guda biyu in za mu ce ba mu je ba.

A kan namiji da mace, Pashto da Hausa kamar uwa ɗaya ta yi musu tarbiyya. Kowane suna a Pashto ko dai namiji ne ko mace, kuma galibin na mata da wasalin "a" su ke ƙarewa, daidai da namu. Doki "as," goɗiya "aspa." Baƙin doki "tor as," baƙar goɗiya "tora aspa." Ilokano kuwa bai san wannan rabo ba ko kaɗan. Kalma ɗaya, "isuna," ita ce shi, ita ce ita. Amma inda ya yi sakaci da jinsi, ya tsananta a kan "mu." Suna da "data," ni da kai mu biyu, da "datayo," mu duka har da kai da na ke yi wa magana, da "dakami," mu ban da kai. Na yi ta tunanin da Hausa na da wannan rabo, da 'yan siyasarmu sun sha wuya a kan dandamali, gama duk wanda ya ce "idan mun ci zaɓe za mu ji daɗi," tilas ya fito fili ya faɗi ko da masu sauraro a cikin jin daɗin.

Ƙarfin Ilokano yana ga yadda ya ke sarrafa saiwar kalma. Daga "surat" a ke samun "agsurat," yin rubutu. "Isurat," rubuta abu. "Suratan," rubuta wa wani. "Pagsurat," abin rubutu. Da "mannurat," marubuci. Har tsaga kalma su ke yi su cusa ƙari a cikinta, "gatang," saye, ya zama "gumatang" ko "ginatang." Mu ma mu kan tsaga, in mun ce gulbi da gulabe, birni da birane. Jam'i kuma da maimaici su ke yinsa, gida "balay," gidaje "balbalay."

Wajen aron kalmomi kowa ya nuna wanda ya zauna da shi. Mutanen Sifaniya sun isa garin Vigan a 1572, suka mulki ƙasar fiye da shekara 300 kafin Amurka ta karɓa a 1898, saboda haka har yau mai Ilokano da lambobin Sifaniyanci ya kan faɗi ƙarfe nawa da kuɗi nawa, kamar yadda mu ke ƙirga ishirin da talatin da Larabci. Pashto kuwa rijiya ɗaya muka sha da shi. "Kitab" ɗinsu shi ne littafinmu, "qalam" alƙalami, "wakht" lokaci, "dunya" duniya, "akhbar" kuma, wadda su ke kiran jarida da ita, ita ce ta zama labari a bakinmu. Bambancin kawai mu mun haɗiye galibin kalmomin tare da "al" ɗinsu.

Sai batun rubutu, inda na fi daɗewa. Pashto da ajami a ke rubuta shi, tun zamanin Bayazid Ansari wanda ya rubuta Khairul Bayan a ƙarni na 16, da Khushal Khan Khattak, jarumi kuma mawaƙi, wanda ya rayu daga 1613 zuwa 1689, da Rahman Baba wanda har yanzu a ke ziyartar kabarinsa a Peshawar. Malamansu sun tarar da irin matsalar da namu suka tarar, watau harshe yana da sautukan da babu su a Larabci. Sai suka ƙera sababbin baƙaƙe, waɗansu da ɗigo, waɗansu da ɗan zobe a ƙasa, har suka kai 44, sa'an nan hukuma da maɗaba'a da makaranta suka tsaya a kansu. Akwai wani baƙi guda wanda mutumin Kandahar ke furtawa kamar "sh," mutumin Peshawar kuma kamar "kh," shi ya sa wani ya ce Pashto wani ya ce Pakhto, amma a takarda duka abu ɗaya su ke rubutawa. Ajaminmu bai sami wannan gata ba. Malaman Kano da na Sakkwato da na Zariya kowa ya yi dabararsa wajen rubuta ɓ da ɗ da ts, ba a taɓa zama an daidaita ba, har Turawa suka zo suka zaɓi boko. Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ƙamus na Bargery ya fito a 1934, aka shigo da baƙaƙe masu lanƙwasa, ajami ya koma zaure da allo. Ko a kan kuɗi, an cire shi daga ƙananan takardun Naira a 2007, daga ta Naira 100 kuma a 2014. Wanda ya je wurin 'yan canji a nan Wuse zai ga saura ta 200 da 500 da 1,000.

Ilokano shi ne ya bi irin hanyarmu ta boko. Suna da rubutunsu na gargajiya kafin zuwan Turawa, har wani limamin Kirista, Francisco Lopez, ya buga littafin koyar da addini da shi a 1621. Daga baya baƙaƙen Rumawa suka danne shi. Aka daɗe ana rubutu bisa ƙa'idar Sifaniyanci, har mujallar Bannawag, wadda ta fara fita mako-mako a 1934, ta yaɗa sabuwar ƙa'ida mai sauƙi, shi ya sa za ka ga wani ya rubuta sunan harshen da "c" wani da "k." Shekara biyar ke nan kafin Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam yana edita. Aikin da mujallar nan ta yi wa Ilokano, na koya wa mutane karatu da ba marubuta fili da tsai da ƙa'idar rubutu, shi ne aikin da Gaskiya ta yi wa Hausa.

A kan zaman ƙasa ma haka abin ya ke, rabi nan rabi can. A 1893 wani Bature, Mortimer Durand, ya zauna da Sarkin Afganistan Abdur Rahman Khan suka ja layi mai tsawon kilomita wajen 2,600, ya ratsa tsakiyar ƙasar masu Pashto. Yau waɗanda ke Pakistan sun fi na Afganistan yawa. Duk wanda ya san yadda Ingila da Faransa suka raba Katsina da Maraɗi, da Illela da Birnin Ƙonni, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Har a rubutu raba mu aka yi, mu muna sa 'y, 'yan'uwanmu na Nijar suna sa ƴ. Ilokano kuwa ba layi ne ya raba shi ba, ƙafa ce ta yaɗa shi. Ƙasarsu siririya ce tsakanin duwatsu da teku, gona ba ta isa, saboda haka suka zama mutanen ci-rani. Suka cika kwarin Cagayan, suka gangara kudu har Mindanao, a watan Disamba 1906 kuma mutum 15 na farko suka sauka Hawai aikin gonakin rake. Yau a Jami'ar Hawai ana ba da digiri a kan Ilokano. Wannan shi ne labarin fatakenmu da suka kai Hausa zangon Kumasi da Sabo ta Ibadan da Sudan.

To, ina matsayinsu a hukumance? Masu Pashto sun haura miliyan 40. Sarki Zahir Shah ya ɗaga shi ya zama harshen hukuma a 1936, aka kafa masa hukumar kula da shi a Kabul a 1937, Jami'ar Peshawar ma ta kafa tata cibiyar a 1955. Duk da haka, a kasuwar Kabul da ofisoshinta Farisancin ƙasar, wanda su ke kira Dari, shi ne ya fi tafiya. Ahmad Shah Durrani, wanda ya kafa daular a 1747, ya yi waƙoƙi da Pashto amma da Farisanci a ke rubutun fadarsa, kuma jikokin sarauta da yawa sun tashi Farisanci ya fi zama a bakinsu. Mai karatu zai tuna yadda Fulatanci ya kasance a fadojin Kano da Zazzau bayan jihadi. A Pakistan kuma ƙidayar 2023 ta nuna kimanin kashi 18 daga cikin 100 Pashto ne harshen uwarsu, sun kusa ninka masu Urdu, amma Urdu da Ingilishi su ne na ofis da jarrabawa da manyan jaridu, har a cikin Peshawar.

Masu Ilokano ba su kai haka ba, waɗanda suka tashi da shi ba su cika miliyan 10 ba, su ne na uku a Filifin bayan Tagalog da Cebuano. A 1937 Shugaba Manuel Quezon ya zaɓi Tagalog ya zama tushen harshen ƙasa. Ilokano ya haifi shugabannin ƙasa, Elpidio Quirino da Ferdinand Marcos wanda ya yi mulki daga 1965 zuwa 1986, amma hakan bai ɗaga harshen daga matsayin na yanki ba. Sai a 2012 lardin La Union ya mai da shi harshen hukuma a cikin iyakarsa. A ganina wannan ya isa ya nuna mana cewa yawan baki, da fitar da shugaba, da samun layi a cikin tsarin mulki, ba su ne ke kai harshe ofis ba. Mu ma sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya ce za a yi aikin Majalisar Tarayya da Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadi, kamar yadda na 1979 ya faɗa, ga majalisar nan kuwa ba nisa da Wuse, har yau ana jiran tanadin. Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025. Abin da ya sami Pashto tun 1936 ya kamata ya zama abin lura ga 'yan'uwanmu na can, domin doka ba ta buga littafi, ba ta horar da malami.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne makaranta. A 2012 Filifin ta soma koyar da yara da harshen uwa daga rabin aji zuwa aji uku, da harsuna 12, aka ƙara suka zama 19, Ilokano yana ciki. A watan Oktoba 2024 aka yi dokar da ta janye tilascin, aka koma Filipino da Ingilishi, sai dai ajin da yaransa duka harshe ɗaya su ke ji an bar masa zaɓi. Kukan da aka yi ta yi shi ne ƙarancin littattafai, da rashin horar da malamai, da garuruwan da yara suka cakuɗa. Mu kuma a 2022 Gwamnatin Tarayya, zamanin Minista Adamu Adamu, ta ce a koyar da harshen uwa har aji shida, a watan Nuwamba 2025 kuma Minista Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke shirin a nan Abuja. Shekara uku kacal. Yaron da ya shiga aji ɗaya da shirin bai ko gama firamare ba, balle a auna shi. Alhali kuwa gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci shekara shida ba su gaza takwarorinsu ba, har a Ingilishin. Filifin ko ba kome ta yi shekara 12 tana gwadawa, ta kuma bar ƙofa a buɗe ga ƙauyen da harshensa ɗaya ne. Ban ga dalilin da zai hana a bar wa yaron Ɓatagarawa ko na Gwadabawa irin wannan ƙofa ba.

Amma fa laifi tudu ne. A arewacin tsibirin Luzon, Ilokano shi ne harshen kasuwa da mota da rediyo ga ƙabilun kan duwatsu, kuma masu Pangasinan da Ibanag sun daɗe suna kukan yana cinye musu harshe, kamar yadda shi ke kuka da Tagalog. To, mu dubi Wusen nan da na ke zaune. Ƙasar Gbagyi ce, waɗanda mu ke kira Gwari. Da aka zo gina birni bayan dokar 1976, aka tashi mutanen ƙauyen aka kai su Sabon Wuse, a Ƙaramar Hukumar Tafa ta Jihar Neja. Yau ka shiga Kasuwar Wuse, mai nama da mai tumatir da mai tura baro da ɗan canji duk da Hausa su ke ciniki, Inyamuri mai shago ma ya iya "nawa za ka ba da," amma sai ka wuni ba ka ji an yi ciniki ɗaya da Gbagyi ba. Idan aka ce harshen uwa a wata firamare ta Wuse, inda aji ɗaya ya tara Bahaushe da Tibi da Bayarabe da Ibira da Bagwari, na wa za a ɗauka? Wanda duk ya ce Hausa kawai, ya yi wa ɗan Gbagyi abin da ya ke ƙorafin Ingilishi na yi masa. Wannan ita ce tambayar da ta kayar da shirin a biranen Filifin, mu kuwa ba mu ko tsaya mun yi ta ba, muka ɗauki doka ɗaya muka shimfiɗa wa Wuse da Gwadabawa, da ta ƙi zama muka naɗe ta gaba ɗaya.

Ranar da Baba zai koma na raka shi tasha, na karanta masa abin da na tattara. Bai ji daɗin rushewar zumuncin dua da dwa ba, ya ce shekara kusan hamsin yana ba mutane labarin. Da na zo kan batun soke koyarwa da harshen uwa sai ya yi shiru, can ya ce malamar nan ta lissafi, kafin ta cika shekara biyu a makarantarsu, ta koyi Hausa har tana bayyana wa ɗalibai kashi da ɗigo da ita idan Ingilishi ya ƙi shiga, kuma ajinta ne ya fi kowane cin jarrabawa. Na tambaye shi malamin Peshawar fa? Ya ce shi ai tun watan farko ya gane rabin kalmomin masallaci, kuma shi kaɗai ne baƙon da ke iya karanta abin da aka rubuta da ajami a jikin Naira.